Tsohon Gida Tsakanin Kundin Hukuma da Hannun Magini: Darasi ga Garuruwan Bakin Kwara na Dandi da Illo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda tsohon gida yake shiga kundin wuraren tarihi da doka ta kare a Nijeriya, da kuma iyakar abin da wannan kariya take iya yi masa. An dubi Gidan Makama na Kano, da gidan Ilojo Bar na tsohuwar unguwar bakin ruwa a Legas, da jerin gidajen unguwar The Rocks a birnin Sidni na Ostareliya. Maƙalar ta nuna cewa sanarwar gwamnati tana haramta rushe gini, amma mazauna da magina ne suke tsayar da shi, musamman ginin ƙasa wanda rayuwarsa ta rataya a kan gyaran shekara-shekara. Daga nan aka auna halin garuruwan bakin Kwara na ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo a Jihar Kebbi, aka kuma bayyana aikin da ya rataya a wuyan manazarta Hausa kafin a kai ga maganar doka.

Muhimman Kalmomi: ginin gargajiya, wuraren tarihi, magina, Dandi, Illo

1.0 Gabatarwa

A manyan garuruwan da suka tashi a bakin ruwa, akan sami tsohuwar unguwa kusa da inda jirage ke sauke kaya. A nan fatake da dillalai da masu masauki da 'yan dako suka fara zama, a nan ne kuma gidaje mafi daɗewa suke. Irin waɗannan unguwanni su ne suka fi fuskantar barazana, domin filinsu yana da tsada, ginin da ke kai kuma ya tsufa. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka buɗe kundi na musamman da ake shigar da irin waɗannan gidaje, a haramta rushe su ko sauya musu kama ba tare da izini ba.

Nazarin Hausa bai yi watsi da gine-gine ba. Saad (1981) ya yi nazarin magina da yadda suke auna kyawun gini, Schwerdtfeger (1982) ya bi diddigin gidajen birnin Zariya da iyalan da ke cikinsu, Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) kuma sun auna fadoji da masallatai sun zana su. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi karkata ga manyan birane irin su Kano da Zariya. Garuruwan yamma maso kudancin ƙasar Kabi, waɗanda kasuwancin bakin kogi ya raya, ba su sami irin wannan kulawa ba. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: idan aka shigar da gida cikin kundi, me aka kare, me kuma ya rage ba a kare ba?

2.0 Yadda Gini Yake Shiga Kundin Kariya a Nijeriya

Tushen wannan aiki yana komawa ga shekarar 1943, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa Kenneth Murray a matsayin mai binciken kayan tarihi. A 1953 aka yi dokar kayan tarihi wadda ta kafa hukumar da ke da ikon ba da shawarar ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ce ta maye gurbinta, ta kuma kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa wadda take aiki har yau.

Tsarin da dokar ta shimfiɗa ba shi da sarƙaƙiya. Hukuma takan buga sanarwa a jaridar gwamnati cewa tana da niyyar neman a ayyana wuri kaza. Mai wurin yana da damar ƙalubalantar niyyar. Idan aka ayyana, rushe wurin ko ɓata shi ko sauya masa fasali ba da izini ba ya zama laifi mai hukuncin tara ko ɗauri ko duka biyun. Wuraren da suka shiga wannan kundi 65 ne, kuma mafi yawansu an ayyana su ne a shekarun 1950 da 1960. A cikinsu akwai gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka ayyana a 1956, da Gidan Makama na Kano a 1959, da kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta, a 1964.

Abin lura a nan shi ne, dokar ta fi ƙarfi wajen hani. Ta faɗi abin da ba za a yi wa gini ba. Abin da za a riƙa yi masa duk shekara, da wanda zai yi, da inda kuɗin zai fito, su ne ba su sami tabbataccen tanadi ba. Ginin dutse yana iya jure shekaru ba a taɓa shi ba. Ginin ƙasa kuwa ba ya buƙatar mai rushe shi. Damina uku ko huɗu ba tare da gyara ba sun isa.

3.0 Ginin Ƙasa da Abin da Yake Riƙe Shi

Kafin a fahimci dalilin haka, wajibi ne a dubi yadda ake ginin. Magini yakan fara da zaɓen ƙasa, a jiƙa ta, a tattaka ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki. Daga cikinta ake mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Ana jera tubalan a tsaye, a cike tsakaninsu da kwaɓi, bango ya tashi da kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufin soro kuwa da azara ake yin sa, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika cin sa ba.

Azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita 2 ba tare da madogara ba. Wannan iyaka ita ce ta haifar da mafi girman fasahar maginan Hausa. Domin a faɗaɗa ɗaki, sai suka riƙa ɗaura azara a kan azara, kowane ɗauri yana ɗan leƙowa gaba da na ƙasansa, a lulluɓe su da ƙasa har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a tayar da tulluwa. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), shi ne kuma ya gina gidan Kafin Madaki wajejen 1860.

Babban abokin gabar wannan gini shi ne ruwa. Duk wani sashe na wajen soro an tsara shi ne domin korar ruwa: rawani yana kare kan bango, indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin gini, dakali kuma yana tare zaizayar tushe. A kan waɗannan akwai shafe iri biyu. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa haɗi ne na katsi, wato dattin da ake kwashewa daga rijiyar rini a ƙona shi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Babu ɗayansu da yake dawwama. Dole a duba rufi kafin faɗuwar damina, a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe inda ya zube. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ginin ƙasa wannan magana ba ta buƙatar fassara: tsagar da ba ta kai faɗin yatsa ba ita ce ke kai ruwa ga azara, azara ta ruɓe, rufi ya rufta.

Ke nan soro guda yana tsaye ne a kan sana'o'i da dama. Yana buƙatar magini da marini da majemi da mai saran giginya. Idan marina ta mutu, katsi ya yanke. Idan aka sare giginya ba a dasa wata ba, azara ta yi tsada, domin itacen yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya ƙosa. Kundin hukuma yana rubuta sunan gida, amma ba ya rubuta wannan sarƙar da gidan ya dogara a kanta.

4.0 Misalai Uku

4.1 Gidan Makama na Kano

Ruwayar da aka fi sani ta danganta wannan gida da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda aka ce a nan ya zauna kafin a kammala Gidan Rumfa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi a matsayin ofis. Daga baya aka raba harabar, wani sashe ya zama makaranta, wani gidan adana kayan tarihi, wani kuma mazaunin Makama.

Babu mai cewa kowane tubali da ke jikin gidan a yau tun ƙarni na 15 yake. An sha yaɓe shi, an sha sauya azararsa, an ƙara ɗakuna an rage. Abin da ya daɗe shi ne wurin da tsarin da hanyar ginin. Wannan ya taɓa wata muhawara da masana adana gine-gine suka daɗe suna yi. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta ɗora nauyi a kan kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su tun farko. Takardar Nara ta 1994 kuwa ta amince cewa a auna asalin gini da ma'aunin al'adar da ta samar da shi. Bisa wannan ma'auni na biyu, sabunta yaɓe ba ya rage wa soron Hausa daraja, domin da haka aka san shi tun asali. Gidan Makama ya kai yau ne saboda bai taɓa zama kango ba. A kowane zamani akwai masu amfani da shi, akwai kuma wanda ɗigar rufinsa za ta dama. Haka lamarin yake ga tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942, aka kuma buɗe ta a matsayin Gidan Tarihi na Kanta a 1958.

4.2 Ilojo Bar a Legas

Wannan gidan bene ne da ke daura da Dandalin Tinubu a tsibirin Legas, cikin tsohuwar unguwar da kasuwancin tashar jiragen ruwa ya kafa. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 19 bisa salon da 'yantattun bayi da suka komo daga Barazil suka zo da shi, ana kuma kiransa Casa do Fernandez. Yana cikin rukunin farko na gine-ginen da aka ayyana a 1956. Duk da haka, ranar 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Sallah, aka rushe shi ƙurmus.

Gidan ya yi shekara 60 a cikin kundi. A tsawon wannan lokaci ya ci gaba da zama mallakar iyali, ya ci gaba da tsufa, filin da yake kai kuma yana ta ƙara daraja. Doka ta hana masu gida rushewa, amma ba ta sanya riƙe gidan ya zama abin amfani a gare su ba. Duk inda farashin fili ya ninka amfanin da ake samu daga ginin da ke kansa, to hani kaɗai ba zai daɗe yana tasiri ba.

4.3 Unguwar The Rocks a Sidni

Wannan unguwa tana bakin tashar jiragen ruwan Sidni, kuma an san ta da gidajen jere na ƙarni na 19, waɗanda kowane biyu suke haɗa bango ɗaya. A farkon shekarun 1970 aka shirya share ta domin a tayar da dogayen benaye. Mazaunanta, waɗanda akasarinsu ma'aikatan tashar ne da iyalansu, suka nemi taimakon ƙungiyar leburorin gini ta jihar ƙarƙashin jagorancin Jack Mundey, ƙungiyar kuma ta hana 'ya'yanta sa hannu a aikin rusau. Dokar kare wuraren tarihi ta jihar ba ta zo ba sai 1977. A nan mazauna da masu aikin gini ne suka riga doka, ita kuwa ta zo ta tabbatar da abin da suka riga suka tsare.

Akwai wani darasin a tsarin gidajen jere. Gidan da ya haɗa bango da maƙwabcinsa ba a iya kare shi shi kaɗai. Haka tsofaffin unguwannin biranen Hausa suke: katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, indararon wani yana zuba a lungun wani. Idan maƙwabci ya cike harabarsa ya ɗaga ta da siminti, ruwan da ya kora gindin bangon na kusa da shi zai koma. Saboda haka unguwa ce ya kamata a kare. Hukumar UNESCO ta bi wannan hanya a 2013 da ta shigar da tsohon garin Agadas baki ɗaya cikin kundinta, da masallacinsa da fadarsa da gidajen talakawansa.

5.0 Abubuwan da Suke Cin Tsofaffin Gidaje

Abu na farko shi ne rabon gado. Babban gida da mutum ɗaya ya gina yakan zama na magada da yawa bayan zuriya biyu ko uku. Wanda yake ciki ba shi da ƙarfin gyara shi kaɗai, waɗanda suke waje kuma ba su ga dalilin zuba kuɗi a gidan da ba su kwana a ciki ba. Sau da yawa maslahar da ake cimmawa ita ce a sayar a raba kuɗi, mai saye kuwa fili yake so.

Na biyu shi ne gyaran da ba a yi shi da sani ba. Shafa siminti a kan bangon ƙasa yana ba shi kyan gani na ɗan lokaci, amma ƙasa da siminti ba sa kama juna. Danshin da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga tushe ba ya samun hanyar fita, sai bangon ya riƙa narkewa daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul.

Na uku shi ne yankewar sana'a. Gini sana'ar gado ce mai shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma da hannu ake koyon ta. Ɗan magini da ya ga bulo da kwano sun fi kawo ciniki ba zai ɓata shekaru yana koyon ɗaurin guga ba.

Na huɗu shi ne ruwan sama mai ƙarfi da ambaliya. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. A watan Satumban 2024 kuma tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi bayan mamakon ruwa. Idan mashahuran gine-gine irin waɗannan ba su tsira ba, to gidan attajirin ƙauye da ba a taɓa aunawa ba ya fi su zama cikin haɗari.

6.0 Halin Dandi da Illo

Yankin da ya tashi daga Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, ya gangara Dole Kaina, ya ƙetare Kwara zuwa Lolo da Illo a ƙaramar hukumar Bagudo, tsohuwar mahaɗar fatauci ce. Ayarin goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato yakan bi ta Jega, ya ƙetare kogi a wannan yanki, ya ratsa ƙasar Bargu ta Jugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kamar yadda Adamu (1978) da Lovejoy (1980) suka bayyana. Gishirin kwarin Foga, wanda Heinrich Barth ya ga ana dafawa a 1853, shi ma ta nan yake yaɗuwa. Illo kuwa ɗaya ce daga manyan masarautun Bargu uku, tare da Busa da Nikki. Muhimmancin mashigar ya kai yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898 ta ambaci Giris da sunan tashar jiragen Illo, ta kuma sanya kan iyaka mil 10 sama da ita. Wato iyakar Nijeriya da Benin a bakin Kwara daga wannan tasha aka auna ta.

Duk da wannan tarihi, babu gida ko ɗaya daga Dandi ko Bagudo a cikin wurare 65 na kundin ƙasa. Yankin kuma ya haɗa al'ummomi da dama: Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Sarkawa masunta. Kowace tana da yadda take tsara gida da rumbu da masaukin baƙi, da kalmomin da take kiran sassansu. Haɗuwar waɗannan a gari ɗaya ita ce abin da manazarci ba zai samu a Kano ko Zariya ba.

Barazanar da ke nan ta fi ta cikin tudu, domin ga damina ga kuma cikar kogi. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki da gidaje masu yawa a Jihar Kebbi. Tarihi ma ya nuna yadda garin bakin Kwara yake iya ɓacewa ɗungurungum: da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ta nutse, aka mayar da mutanenta Sabuwar Busa. Abin da aka rubuta ko aka ɗauki hotonsa kafin ruwa ya zo shi ne kawai ya rage.

Hukuma ba ta iya ayyana abin da ba a kawo mata bayaninsa ba. Wannan bayani kuwa aikin jami'a ne, kuma sassan nazarin Hausa suna da kayan aikinsa. Mataki na farko shi ne ƙidayar tsofaffin gidaje gari-gari, a rubuta wanda ya gina, da zamanin sarkin da aka gina, da hannayen da gidan ya bi, da halin da yake ciki. Na biyu shi ne naɗar bayanan tsofaffin magina suna kan aiki, domin ilimin da ke hannu ba ya fitowa sosai a hirar zaure. Na uku shi ne tattara kalmomin gini a karin harshen yamma, a kwatanta su da na Dandanci da Kyanganci da Zabarmanci, a ga wa ya ari na wa. Na huɗu shi ne shigar da mata cikin binciken, domin daɓe da shafen ɗaka da jeren ɗaki a hannunsu suke, kuma cikin gida ba kowane mai bincike yake iya shiga ba. Kundi irin wannan za a iya miƙa shi ga masarautun Argungu da Gwandu da gwamnatin jiha, ya zama madogarar neman kariya da ta haɗa da tallafin gyara ga iyalan da ke zaune a gidajen.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shigar da gida cikin kundi matakin farko ne kawai na kariya. Ilojo Bar yana cikin kundi aka rushe shi. Gidajen The Rocks sun tsira tun kafin a yi musu doka, saboda mazaunansu da masu aikin gini sun tsaya musu. Gidan Makama da fadar Argungu sun daɗe ne domin an ci gaba da amfani da su ana gyara su. Ga ginin ƙasa, kariyar da za ta yi aiki sai ta haɗa abu uku: gidan da maƙwabtansa, iyalin da ke ciki, da maginin da ya san haɗin laso da ɗaurin azara. A garuruwan Dandi da Illo ko ɗaya daga cikin ukun ba a kai ga rubutawa ba tukuna, kuma kowace damina tana rage yawan gidajen da tsofaffin da za a tambaya.